Yadda ake gudun motsa jiki a garin da duwatsu suka sa a tsakiya, daga bakin rafi har saman tsauni

Duk garin da yake zaune a cikin kwari, hanyoyin gudunsa hawa uku ne, ko an kafa allo an rubuta ko ba'a rubuta ba. Akwai ta ƙasa mai bin rafi ko kogi, akwai ta tsakiya wadda take ratsa kwiɓin dutsen ta cikin bishiyoyi kana gudu kana hango rufin gidaje a ƙasanka, sai kuma ta sama can inda bishiya ta ƙare ba komai sai gajeriyar ciyawa da tsakuwa da iska. Garin Chamonix na ƙasar Faransa, wanda masu gudun dutse na duniya suke tururuwa zuwa cikinsa, haka yake sak: garin yana kan tsayin mita 1,035 daga bakin teku, akwai hanya a gefen kogin Arve, sama da ita kaɗan akwai turbar da ake kira Petit Balcon ta kudu da ta arewa, sannan can wajen mita 2,000 akwai wadda ake kira Grand Balcon. In ka gane wannan tsarin to ko wane kwari ka sauka zaka iya tsara wa kanka hanya, kuma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shine ba'a tsallake hawa, ƙasa ake farawa.

Mataki na farko ba ma gudu bane, lissafi ne. Wanda ya saba gudu a kwalta yana auna komai da kilomita, yace ai ni kilomita 10 nake yi cikin awa ɗaya, to ɗan'uwa wannan lissafin ka ajiye shi a gida don a dutse yaudararka zai yi. A nan abu biyu ake tambaya, nisa nawa ne kuma hawa mita nawa ne. Lissafin da masu shirya gasar gudun dutse suke amfani da shi mai sauƙi ne, duk mita 100 na hawa ka ɗauke shi kamar ƙarin kilomita ɗaya. Kenan hanyar da aka ce maka kilomita 8 ce amma tana da hawan mita 600, a jikinka kilomita 14 ce, kuma in turbar tana da duwatsu da saiwoyi sai ka ƙara mata wani abu. Akwai wani tsohon lissafi ma na wani mai hawan dutse ɗan Sukotlan, William Naismith, tun 1892, shi na masu tafiya ne ba gudu ba: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Ni dai ina ganin sabon shiga ya riƙa yin wannan lissafin na masu tafiya ko da gudu zai yi, saboda ranar da ƙafa ta ƙi ko ka yi targaɗe da tafiya zaka dawo, ya kamata kasan awa nawa zata ɗauke ka. Waccan hanyar ta kilomita 8, a lissafin Naismith awa biyu da rabi ce da ɗoriya. In kana son ganin yadda kilomita take raina wa mutum hankali ka duba hanyar da ake tsere a kanta daga cikin garin Chamonix zuwa Planpraz da ke kan dutse a saman garin, tsawonta kilomita 3.8 ne kacal amma hawan mita 1,000 ne cif, ƙwararru ma sai sun haura rabin awa.

Na biyu ka nemi taswira ka zauna da ita kafin ka sa takalmi. Ba taswirar motoci ba, wadda take da siraran layukan nan masu nuna tudu da gangare. Kowane layi tsayi ɗaya yake nunawa, tazarar da ke tsakanin layi da layi kuma a rubuce take a gefen taswirar, wasu mita 10 wasu mita 20. Inda kaga layukan sun ware to wurin shimfiɗe ne, inda suka matse kamar zasu haɗe to hawa ne mai tsaye. Hanyar da take tafiya kafaɗa da kafaɗa da layi ɗaya ita ce mai daɗin gudu, wadda take yanka layukan kai tsaye kuma ka shirya haki, in kuma kaga tana kwane-kwane dama da hagu to an yi ta ne don a rage wa hawan zafi. A taswirar takarda mai ma'aunin 1:25,000 santimita 4 shine kilomita ɗaya. A waya akwai manhajoji irin su Komoot da Strava da Gaia GPS, Strava ma tana nuna turbar da mutane suka fi bi da launi mai haske, wannan yana taimakawa sosai a garin da baka sani ba, sai dai fa hanya ta yi haske ba yana nufin ta dace da kai ba, wataƙila ƙwararrun garin ne suke binta. Duk wadda ka zaɓa ka sauke taswirar a wayar tun kana masauki, saboda da zarar ka zagaya bayan dutse sabis ɗaukewa yake.

Sai alamun hanya. A ƙasashe da yawa ana shafa fenti a jikin dutse ko bishiya, kuma launin yana da ma'ana. A Suwizalan misali, rawaya hanyar tafiya ce mai sauƙi, fari da ja da fari hanyar dutse ce mai buƙatar takalmin kirki da nutsuwa, fari da shuɗi da fari kuma ta masu hawan tsauni ce, wannan ba wurin sassarfa bane sam. A Faransa dogayen hanyoyin nan da ake kira GR fari da ja ne. Duk inda ka je ka tambayi ma'anar launukan wurin, kuma ka tambayi mazauna garin wace hanya ce a buɗe wannan makon, don taswira bata san gada ta karye ba ko ƙasa ta zaftare ta rufe turba.

Wani abu da taswira zata nuna maka wanda mutane basu cika lura da shi ba shine ɓangaren rana. Kwari gefe biyu gare shi, ɗaya yana shan rana ɗaya yana cikin inuwa. A ƙasashen arewacin duniya gefen da yake fuskantar kudu shine mai rana, yana saurin bushewa bayan ruwa, ƙanƙararsa tana riga narkewa, amma da zafi sai ya gasa ka. Gefen da yake fuskantar arewa kuwa sanyi ne da damshi da santsi. A kudancin duniya abin juyewa yake. Saboda haka lokacin sanyi ka bi gefen rana, lokacin zafi ka bi na inuwa. Kuma ka sani a cikin kwari rana tana ɓuya bayan dutse tun kafin lokacin faɗuwarta da wayarka ta rubuta, a cikin bishiyoyi kuma duhu yana riga ko'ina sauka.

To yanzu gudun kansa. Kwanakin farko, uku ko huɗu, ka tsaya a hanyar ƙasa, bakin rafi, minti 30 zuwa 40 na sassarfa wadda zaka iya magana kana yi ba tare da numfashi ya yanke maka ba. In kana da abokin gudu ku riƙa hira, duk sanda magana ta gagara to kun yi sauri. Dalili shine garuruwan kwari da yawa su kansu a sama suke, kuma iska a sama bata da nauyin ta bakin teku, a mita 2,400, tsayin garin Iten na Kenya inda zakarun gudu suke atisaye, duk numfashin da ka ja kusan kashi uku cikin huɗu na oksijin ɗin da ka saba samu a bakin teku yake kawo maka. Shi yasa zaka ji zuciya tana bugawa da sauri a gudun da ka saba yi cikin sauƙi, barci ma ya ɗan rikice. Ba ciwo bane, jiki ne yake sabawa, sannu bata hana zuwa. Amma in ka haura mita 2,500 kaji ciwon kai mai nacin tsiya da tashin zuciya da jiri, wannan ciwon tsauni ne, maganinsa ka daina hawa, in bai lafa ba ka sauko.

A hanyar rafi ka fara da fuskantar inda ruwan yake fitowa, wato ka hau tukuna, saboda ko da idonka yana ganin shimfiɗe ne akwai ɗan hawa a ɓoye, in ka juyo sai dawowar tazo maka da sauƙi lokacin da ka gaji. Ka lura da gadoji, su ne suke baka damar yin zagaye, ka tafi ta wannan gaɓar ka dawo ta waccan, kuma kowace gada wurin yanke hanya ce in jiki ya ƙi. Da sassafe ƙasan kwari yafi kwiɓin dutse sanyi, saboda da dare iska mai sanyi tana gangarowa ta taru a ƙasa kamar ruwa a ƙwarya, hazo da hayaƙin motoci da na girki duk su maƙale a ciki, sai ka hau mita ɗari biyu ko uku kaga ka fito cikin rana da ɗumi. In kana da asma ko ƙirjinka baya son hayaƙi, irin wannan safiyar ka jira rana ta ɗaga ko ka hau sama kaɗan. Sannan dan Allah kada ka sauka cikin rafin kana bin tsakuwar gindinsa, musamman in akwai madatsar ruwa a sama, ana iya sakin ruwa ko a yi ruwan sama can kan dutse kai baka ga ko ɗigo ba, kafin ka ankara ya cika. Inda dole ka bi gefen titi ka fuskanci motocin da ke tahowa.

Kafin ka hau hawa na biyu ka duba ƙafarka. Kambas ɗin kwalta ya isa bakin rafi, amma a turbar dutse kana buƙatar mai haƙora a ƙasa, tsawon milimita 4 zuwa 6, mai riƙe laka da jiƙaƙƙen dutse. Ka saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka sa safar da zaka yi gudu da ita, ka tabbatar tsakanin babban yatsanka da bakin takalmin akwai faɗin babban yatsan hannu. In babu wannan sararin, gangara ɗaya mai tsawo zata mayar maka da farce baƙi. Kaga ƙaramin ramin nan na ƙarshe a saman takalmi wanda kowa yake bari ba igiya? Amfaninsa kenan a dutse. Ka zura kowace igiya a ramin gefenta ta yi ɗan kunne, sai ka tsallaka da igiyar dama ta shiga kunnen hagu, ta hagu ta shiga na dama, ka ja ƙasa ka ɗaure, zaka ji diddige ya zauna daram ƙafa ta daina zamewa gaba. Safa da riga kada su zama na auduga, auduga tana shan gumi ta riƙe, a ƙafa ta jawo bororo, a jiki ta zama sanyi da zarar ka tsaya. Sauran kaya a 'yar jakar goyo: ruwa, rigar ruwa mara nauyi, fitilar goshi ko da rana ka fita, usur, ɗan bandeji, waya da cajinta a cike, da abin da zaka sa a baki. Sanyi yana cin batir, wayar ta zauna a aljihun da ke jikinka. In fitar zata wuce awa ɗaya da rabi ka riƙa cin wani abu mai zaƙi ko sitaci duk bayan kamar minti 30 zuwa 40 tun kafin kaji yunwa, ruwa kuma kusan rabin lita a awa, ka ƙara in ana zafi. Ruwan rafi ko ya kai gilashi haske kada ka sha haka nan in akwai dabbobi suna kiwo a sama.

Hawa na biyu, kwiɓin dutse, nan ne daɗin yake gaskiya, kuma nan mafi yawan gudunka zai kasance. Ka zaɓi zagaye mai hawan mita 200 zuwa 400 a karon farko. Da ka fara hawa ka rage tsawon taku, ƙanana ƙanana, ka ɗan karkata gaba tun daga idon sawu ba ka lanƙwashe ƙugu ba, kai a ɗage don ƙirji ya samu iska. Kada ka kalli agogo kana neman saurin da ka saba, ka saurari numfashinka kawai. In hawan ya miƙe har kaji sassarfar taka bata fi tafiya sauri ba, to ka koma tafiya, kuma wallahi babu abin kunya a ciki. A gasar UTMB da ake zagaye tsaunin Mont Blanc tun 2003, kusan kilomita 170 da hawan mita 10,000 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, har su Kilian Jornet da ya cinye ta sau huɗu tafiya suke a wurare masu tsaye. Amma tafiya ce ta aiki: ka dafa tafin hannunka a cinya dab da saman gwiwa, ƙafar dama ta taka hannun dama ya danna, ta hagu haka, ka riƙa tura kanka sama. Da ƙasa ta ɗan kwanta sai ka koma sassarfa nan take ko da taku ashirin ne. Sanda biyu suna taimakawa a doguwar hawa, amma ba dole bane a farko. Inda hanya take kwane-kwane ka bi ta yadda take, masu yanke kwana su ne suke buɗe wa ruwan sama hanya ya cinye turbar.

Gangara kuma, a nan zan daɗe, don ita ce take raunata mutane ba hawa ba. Hawa huhu yake ci, kana tsayawa ka huta shikenan, amma gangara cinya take ci da gwiwa da idon sawu, kuma a lokacin bazaka ji ba sai washegari ko jibi, tsamin jikin yakan kai ƙarshe tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, har sauka daga matakala ya gagare ka. Dalili shine naman cinya yana aikin birki ne yana miƙewa a lokaci guda, wannan yafi komai yaga shi. Abin daɗin shine in ka yi sau ɗaya ka warke, na biyu baya kai na farko zafi, saboda haka gangarar farko ta zama gajera.

Abin da tsoro yake sa mutum yi shine ya kwanta baya ya miƙa ƙafa gaba ya caka diddige, to wannan shine yake kawo zamewa, saboda nauyinka yana baya ƙafarka tana gaba, tsakuwa na motsawa sai ka zauna daɓas. Ka tsayar da jikinka a saman ƙafafunka, gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajere da sauri, ƙafa na taɓa ƙasa tana tashi. Hannuwa ka ɗan buɗe su gefe su riƙa daidaita ka. Ido kuma kada ya tsaya kan yatsunka, ka kalli taku uku ko huɗu a gabanka, ƙwaƙwalwa zata riƙe abin da ta gani ƙafa ta bi, kuma ka kalli inda kake son takawa ba dutsen da kake tsoro ba, don inda ido ya kafe nan ƙafa take zuwa. Jiƙaƙƙiyar saiwa ita ce babbar maƙiyiya, zaka ganta tana sheƙi ta ratsa turba a karkace, in ka taka ta a tsawonta ƙafa zata tafi gefe kafin ka ƙifta ido, ka tsallake ta ka sauka a ƙasar da ke bayanta. Haka dutse mai gansakuka da katakon gada bayan ruwa. Dutsen da ya nutse a ƙasa rabi ya fi wanda yake zaune a sama aminci. In kana son kallon gari ko ɗaukar hoto ka tsaya cak tukuna, ba'a haɗa kallo da gangara. Kuma mafi yawan faɗuwa a ƙarshen hanya ake yinta, an gaji an hango gari hankali ya riga ya koma gida, ƙafa ta daina ɗagawa sosai sai yatsa ya harɗe da ɗan dutsen da bai kai komai ba.

Sai ka yi mako biyu ko uku kana zagaye a tsakiya kana dawowa da sauran ƙarfi, sannan ka yi maganar sama. Can dokar daban ce saboda yanayi. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, kenan in gari yana mita 1,000 ana digiri 20, a mita 2,500 wajen digiri 10 zaka tarar, ba'a sa iska ba, ba'a sa jiƙaƙƙiyar rigarka ba. Rana kuma ta fi ƙuna a sama duk da sanyin, hula da tabarau da man kare fata suna da amfani. Wannan maganar rigar ba wasa bace. A watan Mayun 2021 a lardin Gansu na ƙasar Sin, ana tseren kilomita 100 a kan duwatsu sai iska da ruwa da ƙanƙara suka sauko musu, mutum 21 suka rasu saboda sanyi, cikinsu har da zakarun ƙasar, da yawansu gajeren wando da 'yar riga ce a jikinsu. Mai gudu yana jin ɗumi ne muddin yana motsi, da ya tsaya ko ya ji ciwo cikin mintuna kaɗan jiki yake hucewa. In kaga abokinka yana karkarwa, magana tana harɗe masa, yana tuntuɓe ba dalili, ku nemi mafaka daga iska, a cire jiƙaƙƙiyar riga a sa busasshiya, ya ci wani abu, ku sauka.

Ka duba hasashen yanayi na saman dutsen ba na garin ba, kuma ka fita da sassafe. Lokacin zafi hadari a duwatsu yafi haɗuwa da rana tsaka zuwa la'asar, zaka ga safiya garau, wajen hantsi ƙananan gizagizai fari fat sun fara taruwa a kan ƙololuwa, in suka fara tsawo suna yin duhu a gindi to lokacin sauka ya yi. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har kaji tsawa, duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne, in bai kai daƙiƙa 30 ba kana cikin hatsari, ka bar ƙololuwa da doron dutse, ka nisanci bishiyar da take tsaye ita kaɗai da shingen waya da bakin ruwa, kuma kada ka koma sama sai an yi minti 30 ba'a ji tsawa ba.

Kafin ka fita ka yanke lokacin juyawa, ka ce ƙarfe kaza ko na kai ko ban kai ba zan juyo, kuma ka cika. Ka gaya wa wani hanyar da zaka bi da lokacin da ya kamata ya ganka, ka ajiye lambar agajin gaggawa ta ƙasar, a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce. A garuruwan da ke da motar nan mai tafiya kan igiyar ƙarfe zaka iya hawa da ƙafa ka sauko a cikinta don ka tausaya wa gwiwa, sai dai ka san lokacin tashin ta ƙarshe. 'Yar'uwa mai fita ita kaɗai, da ma kowa, gara a kashe nuna hanya ga jama'a a manhaja, ba kowa ya kamata ya san ƙofar da kike fitowa da lokacin ba.

In ka daɗe baka ga alamar fenti ba ka tsaya, ka koma baya zuwa ta ƙarshe da ka gani. Babban kuskure a kwari shine mutum ya hango garin a ƙasa yace bari in yanke kai tsaye, ko ya bi rafi yana cewa ai gari zai kai ni, rafin dutse ta kwazazzabo da bakin rami yake bi, zaka sauka inda bazaka iya komawa sama ba. In ka maƙale ka busa usur sau shida cikin minti ɗaya, ka huta minti ɗaya, ka sake, wannan ita ce alamar neman agaji a tsaunukan Alps na Turai da wasu wurare da dama. Targaɗe kuma, in ka kasa yin taku huɗu a kan ƙafar ko kaji zafi a kan ƙashin idon sawun kansa in an danna, sai an ɗauki hoto a asibiti, kada ka ce zaka taka shi ya warware.

Dabbobi ma suna da haƙƙi a hanyar. In ka iso garke ka daina gudu ka koma tafiya ka zagaye su, kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Manyan karnukan da suke gadin tumaki in sun taho suna haushi ka tsaya, kada ka ɗaga sanda kada ka ruga, ka yi musu magana a hankali har su gane ba garken kazo ba. Ƙofar shinge ka barta yadda ka same ta. In kana gangarowa ka ba mai hawa hanya, in zaka wuce masu tafiya ka yi musu magana tun daga nesa, kuma kunne ɗaya dai ya zama a buɗe in kana jin waƙa, saboda masu keke da dutsen da ka iya gangarowa. Ka dawo ka duba ƙafafu da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale.

Tsarin mako ba sai ya yi yawa ba. Fita biyu a bakin rafi a hankali, ɗaya a kwiɓin dutse, ɗaya doguwa a ƙarshen mako wadda kake ƙara mata hawa kaɗan kaɗan, kamar mita 100 zuwa 150 duk mako, kowane mako na huɗu kuma ka rage. Kada ka ƙara nisa da hawa a mako ɗaya, ɗaya zaka zaɓa. Washegarin doguwar gangara hutu ne ko tafiya a shimfiɗe. Sau biyu a mako ka tsaya da ƙafa ɗaya na minti ɗaya, in ya yi sauƙi ka rufe ido, sannan ka hau matakala ka riƙa saukar da ƙafa ɗaya ƙasa a hankali kana ƙirga uku, sau goma kowace ƙafa, wannan shine yake gina cinyar gangara da idon sawu. Bayan kowace fita ka rubuta lokacin da hanyar ta ci maka da mitocin da ka hau, bayan wata ɗaya zaka san mita nawa kake hawa a awa, daga nan sai ka ajiye lissafin Naismith ka riƙa tsara sababbin hanyoyi da naka.